Gafakar da Baba bai ƙarasa ba

A cikin watan Sha'aban da ya gabata ne Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa a Damagaram, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara tamanin da ƴan kai. Baduku ne ɗan baduku. A zaurensa na unguwar Birni ya yi zaman aiki fiye da shekara sittin, kullum a gefen da hasken safe yake shigowa.

Baba ba ya jima da kansa, amma ba ya aiken kowa majema. Da ƙafarsa yake zuwa, ya ɗauki fata ya shinshina, ya ninke ta ya sake buɗewa. In bagaruwa ba ta ratsa ta sosai ba, sai ya ajiye ba tare da ya ce uffan ba, majemi kuwa ya gane. Ya fi son fatar jar akuya, irin ta Maraɗi, saboda laushinta da ƙwarinta. Irinta ce ayari suke ƙetara sahara da ita a da, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, alhali daga ƙasar Hausa ta fito. Jan launi da karan dafi yake haɗa shi. Daga nan sai zabira, da kube, da takalma, da kayan doki in hawan salla ya matso. Sai dai abin da aka fi saninsa da shi shi ne gafaka, wadda ake sa Alƙur'ani a ciki.

Sana'ar ta sha wuya a gabanmu. A farin 1984 dabbobi suka mutu, fatu suka yi yawa amma duk ramammu, masu saye kuma ta cikinsu suke yi. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, zare da duk abin da ke shigowa daga waje suka yi tsada. Takalman roba da jakunkunan leda suka cika kasuwa. Da yawa cikin abokan aikinsa suka koma yin kayan baƙi masu yawon buɗe ido, ana kai su Yamai, kuma ba mu ga laifinsu ba, don iyali sai da hatsi. Baba dai ya ƙi manna fata da gam a wurin da ya kamata a ɗinka. A lokacin mun ɗauka taurin kai ne.

Akwai abin da ya wajaba mu faɗa a kan kanmu. Mu bakwai ya haifa, ya sa mu makarantar allo da lakwal gaba ɗaya, da kuɗin basilla. Amma kafin mu tafi lakwal sai mun dirje hannuwanmu da sabulu, kada yara su ji warin fata. In malami ya tambayi aikin uba, sai mu ce ɗan kasuwa ne. Baba ya sani, bai taɓa tayar da zancen ba. Yau cikinmu akwai malamar makaranta, akwai ma'aikacin asibiti, akwai direba, babu baduku ko ɗaya.

Ranar uku, wani tsohon malami ya zo ta'aziyya daga Miriya, rataye da gafaka. Ya ce Baba ya ɗinka masa ita a shekarar da soja suka karɓi mulki, wato 1974. Launin ya dushe, fatar ta yi baƙi don gumi, amma muka bi ɗinkin da yatsa daga farko har ƙarshe, ba mu sami inda ya kwance ba. Babban yayanmu ya tashi ya shiga cikin gida.

Da aka zo rabon gado, gida da ƴar gona ba su ba mu wahala ba. Akwatin kayan aiki ne ya tsayar da mu: basilla, da wuƙaƙe, da dutsen washi, da katakon yanka wanda tsakiyarsa ta lotsa. A kuɗi ba su kai komai ba, kuma babu wanda ya iya riƙe su a cikinmu. Wasu suka ce a ajiye don tunawa. Innarmu ta ce ƙarfen da ba a aiki da shi tsatsa yake yi. A ƙarshe muka yarda baki ɗaya muka miƙa su ga almajirinsa, ɗan maƙwabta da ya zauna gabansa shekara goma, tare da zauren, ba haya. Abu guda muka roƙe shi: jikokin Baba biyu su riƙa zama wurinsa ranar Alhamis da lokacin hutu, in sun so.

Muna roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa marigayin cikin addu'a. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

A ƙasan akwatin mun sami gafakar da ya fara yi wa jikarsa, wadda ta kusa sauke Alƙur'ani. Ya gama jikinta, saura marfi da igiyar rataya. Almajirin ya ce zai ƙarasa ta kafin walima, bayan babbar salla.