Tarayya A Sunan Haja: Inda Doka Ta Yarda Da Inda Ta Hana

LEGAS — Shekaru masu yawa ke nan ana sayar da kayayyaki biyu masu suna Elephant, wato giwa, a kasuwannin Nijeriya. Ɗaya siminti ne na kamfanin da a da ake kira WAPCO, wanda masana'antarsa ta Ewekoro, cikin Jihar Ogun ta yanzu, ta soma aiki a 1960. Ɗayan kuwa garin sabulun wanki ne na kamfanin PZ. Kamfanonin biyu ba su haɗa komai ba, amma kowanne ya ci kasuwarsa da sunan, domin ba a taɓa jin maginin da ya aiki yaro sayen buhun siminti ya dawo masa da garin wanki ba.

Irin wannan tarayya ta zama ruwan dare. A ƙasashen Turai da Amurka akwai sabulun wanka mai suna Dove, wato kurciya, na kamfanin Unilever, akwai kuma cakulan mai wannan suna na kamfanin Mars. A ƙasar Hausa ma haka abin yake. An fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, daga baya kuma aka yi masaƙa mai suna Gaskiya a Kano. Daɗin Kowa gari ne mai madatsar ruwa a Jihar Gombe, unguwa ce a Jos, kuma sunan wasan kwaikwayo ne na tashar Arewa24. Shagunan magani, gidajen burodi da motocin haya masu suna Alheri, Nasara, Albarka ko Rahama kuwa sun fi gaban lissafi.

Dalilin da ya sa doka ba ta ɗauki wannan a matsayin sata ba shi ne, ba ta mallaka wa mutum kalma ɗungurungum. Abin da take ba shi shi ne ikon amfani da kalmar a kan wani nau'in haja. Tsarin da aka amince da shi a birnin Nis na Faransa a 1957, wanda ofishin rajista na Nijeriya yake aiki da shi, ya kasa harkokin ciniki gida 45 a halin yanzu: 34 na kayayyaki, 11 na ayyukan hidima. Sabulu yana rukuni na 3, siminti yana na 19, cakulan yana na 30. Saboda haka giwar wanki da giwar gini kowacce tana da dajinta.

Sai dai ba kowace kalma ce ake karɓa ba. Dokar Alamomin Kasuwanci ta 1965 ta fi son kalmar da aka ƙago, ko wadda ba ta siffanta hajar kai tsaye ba, kuma ba sunan wuri ko na iyali ba. Mai sayar da zuma zai sha wuya kafin ya mallaki kalmar "zuma" a kan kwalabensa, tun da sauran masu sana'ar suna bukatarta. Amma mai yin takalma zai iya nemanta.

A fagen fasaha kuwa ƙofar ta fi faɗi, domin a ƙasashe da yawa dokar haƙƙin mallaka tana kare abin da ke cikin littafi ko fim ne, ba ta cika kare takensa ba. Shi ya sa aka yi fim mai suna Frozen a 2010 kan wasu matasa uku da suka maƙale a kujerar lilo bisa dutsen ƙanƙara, bayan shekara uku kuma kamfanin Disney ya fito da nasa na zane mai wannan suna.

Rigima tana tasowa ne ranar da kasuwancin ɗaya ya yaɗu har ya taɓo iyakar ɗayan, kuma babu misalin da ya fi na Apple, wato tuffa. Mawaƙan nan na Ingila, Beatles, sun kafa kamfaninsu mai suna Apple Corps a 1968. A 1976 aka kafa kamfanin kwamfuta na Apple a Amurka. Masu waƙa suka kai ƙara a 1978, aka sasanta a 1981 kan kuɗin da aka ruwaito cewa dalar Amurka 80,000 ne, bisa sharaɗin masu kwamfuta ba za su shiga harkar kiɗa ba. A lokacin sharaɗin ya yi kama da alkawarin da ba zai taɓa ɗaure kowa ba, don mai kwamfuta ina ruwansa da faifan garmaho? Ba a yi shekara goma ba kwamfutocin suka soma sarrafa sauti. Aka koma kotu a 1989, aka sake sasantawa a 1991, wannan karon kan kimanin dala miliyan 26 da rabi.

Maganar ba ta mutu a nan ba. Da kamfanin kwamfutar ya buɗe shagon sayar da waƙoƙi na iTunes a 2003, sai aka sake gurfanar da shi. Babbar kotu a Landan ta ba shi gaskiya a watan Mayu na 2006, kuma a watan Fabrairu na 2007 ɓangarorin biyu suka daidaita: kamfanin kwamfutar ya mallaki dukkan alamomin da suka shafi sunan, ya ba masu waƙa izinin ci gaba da amfani da wasu. Wato wanda ya riga ɗaukar sunan ya koma ɗan haya a cikinsa, bayan kusan shekara 30 ana ja-in-ja.

Idan sana'a ɗaya ce, kotunan Nijeriya ba su cika ɗaga ƙafa ba, ko da sunayen ba su zo daidai da daidai ba. A 1961 kamfanin magani na Niger Chemists da ke Anacha ya kai ƙarar wasu da suka buɗe shago a titi ɗaya da shi, suka sa masa Nigeria Chemists. Kotu ta hana su amfani da sunan, bisa hujjar cewa zai rikita masu saye. Har yau ana karantar da wannan hukunci ga ɗaliban shari'a.

Kuskuren da ya fi yawa tsakanin 'yan kasuwa shi ne ɗaukar takardar Hukumar Rajistar Kamfanoni a matsayin kariya ga sunan haja. Waccan takarda sunan kamfani ko na shago kawai ta shafa. Sunan da ke jikin buhu, kwali ko kwalba a wani ofishi daban ake yi masa rajista, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja. Bayan an karɓi buƙata, ana buga sunan a mujallar ofishin, mai ƙorafi kuma yana da wata biyu ya gabatar da shi. Mai niƙa gari wanda yake da niyyar shiga harkar man girki nan gaba zai fi samun kwanciyar hankali in ya nemi rukunan biyu tun da wuri, ko da yake doka ta ba da damar soke rajistar da aka bari shekara 5 ba a yi amfani da ita ba.

Rajistar farko tana ɗaukar shekara 7, daga nan a riƙa sabunta ta duk bayan shekara 14. Gyaran da aka sa wa hannu a 2023 kuma ya shigar da ayyukan hidima cikin dokar a fili, don haka masu otal, masu sufuri da masu makarantu su ma abin ya shafe su.