Kafin Ka Sayi Tsohuwar Lamba ko Tsabar Kuɗi, San Ƙarfen da Aka Yi Ta da Shi

Gidaje da yawa a ƙasar Hausa ba sa rasa wata tsohuwar lamba ko tsabar kuɗi a ƙasan adaka: lambar kaka da ya je yaƙin Bama, kobo mai huji, ko liyarin da tsofaffin mata ke ratayawa a wuya. Akwai masu sha'awar tara irin waɗannan kaya, kuma inda ake ciniki ba a rasa macuta. Wani ya sayi tagulla a farashin zinariya, wani kuma a karɓe masa azurfa ta gaske a kuɗin gwangwan. Duka biyun, dogaro da launi ne ya ja musu, alhali kama da wane ba ta wane.

Lambar zinariya ta gasar Olamfik ma azurfa ce aka yi wa ruwan zinariya na giram 6 ko sama da haka. Rabon da a ba da ta zinariya zalla tun gasar 1912. Lambar tauraro da Ingila ta bai wa sojojin da suka yi yaƙin Bama, ciki har da 'yan Arewa masu yawa, haɗin jan ƙarfe ne da tutiya, shi ya sa take rawaya. Farar lambar yaƙin 1939 zuwa 1945 da ake haɗa ta da ita kuwa jan ƙarfe ce da nikel, ba azurfa ba. Sulen Turawa na 1913 azurfa ne, amma daga 1920 aka koma buga shi da tagulla.

Liyari mai hoton Sarauniya Mariya Tariza ya fi kowanne ruɗa mutane. Azurfa ne, kashi 83 cikin ɗari, nauyinsa giram 28. Sai dai shekarar 1780 da ke jikinsa ba shaidar tsufa ba ce, domin tun rasuwar sarauniyar a wannan shekara ake ta buga shi da wannan kwanan wata, har yanzu kuma ana bugawa a Ostiriya. Ga kuma na jabu a kasuwa.

Gwajin farko shi ne maganaɗisu. Zinariya da azurfa da tagulla ba sa kama shi, saboda haka abin da ya manne ya faɗi jarrabawa. Amma rashin mannewa ba ya nufin ka samu zinariya.

Na biyu, duba hatimi da kyau. Lamba 925 tana nufin azurfa, 750 zinariya mai karat 18, 916 kuma mai karat 22. In ka ga GP ko EPNS, shafe ne kawai aka yi a sama. Hatimi ma ana ƙirƙirarsa, don haka duba baki-baki da wuraren da hannu ya goge: in ja ko toka ya leƙo daga ƙarƙashin rawaya, ruwan zinariya ne. Azurfa in ta daɗe baƙi take yi, tagulla ta yi kore, zinariya kuwa ba ta sauyawa.

Gwajin da ya fi ƙarfi a gida shi ne na nauyi, kuma ƙaramin sikelin giram ya isa. Auna lambar a bushe ka rubuta. Ɗora kofin ruwa a sikelin ka mayar da shi sifili. Ɗaure lambar da zare ka nutsar da ita duka ba tare da ta taɓa ƙasan kofin ba, ka rubuta abin da sikelin ya nuna. Raba nauyin farko da na biyu. Zinariya zalla tana ba da 19.3, azurfa 10.5, jan ƙarfe kusan 9, tagulla wajen 8.5, sanholo 2.7. Ƙwararrun 'yan damfara sukan lulluɓe ƙarfen tungistin da zinariya saboda nauyinsu kusan ɗaya ne, don haka in kuɗin da za a biya masu yawa ne, a kai wa amintaccen maƙerin zinariya ya gwada da dutse da asid ko da na'ura.

A guji kankarewa da wuƙa, ko gogewa da toka da yashi, ko zuba ruwan batir. Darajar lamba sau da yawa tana ga tarihinta da sunan da aka zana mata, kuma gogewa tana rage mata kuɗi a wurin masu tarawa. Kada a ciza, kada a bar yara su sa a baki, domin na jabu sukan ƙunshi dalma, wadda guba ce.

Duk wanda ya zo maka da kaya yana gaggawa, yana cewa a tono aka samu, kuma ya ƙi a gwada, to ka riƙe kuɗinka. In kuma kai ne mai sayarwa, kada ka sallama sai ka ji farashi daga bakin mutum biyu ko uku.