Katakon Lambu: Kada Maganin Gara Ya Shiga Tukunya

A zagayen da muka yi cikin rani daga Bagudo zuwa Illo da Lolo, muka biyo ta Ka'oje har Tsamiya, mun ga wani abu da ya faranta mana rai. Gidaje da yawa sun soma yin fangali mai tudu a bayan ɗaki, watau a kafa katako huɗu kamar akwati, a cika da ƙasa da taki, a shuka alayyafo da tumatir da salak da albasa. Tun ambaliyar 2020 da Kwara ta cinye gonakin shinkafa a wannan yanki, mutane sun gane amfanin lambun da ke kusa da gida, wanda kuma ya ɗara ƙasa tsawo. Ruwan guga biyu ya ishe shi, uwargida kuwa ba ta rasa kayan miya.

Amma fa akwai gara. Katakon da aka binne cikin ƙasa mai laima, in ba mai ƙarfi ba ne, damina ɗaya ko biyu ya zama gari. Saboda haka kowa na neman abin da zai shafa masa, a nan ne kuwa muka ga abin da ya sa muka ɗauki alkalami.

A wani gida mun tarar an shafe katakon da baƙin mai, wanda aka juye daga injin ban ruwa. Maigidan ya ce ai har ya ƙara masa ɗan maganin ƙwarin auduga da ya sayo a tsallaken iyaka, domin ya yi ƙarfi. Gara kam ba ta taɓa katakon ba. Amma ganyen salak yana kwance a jikinsa, ga yarinya 'yar shekara uku tana zaune a bakin fangalin tana cin rogo da hannun da ta dafa wurin.

Baƙin mai yana ɗauke da dattin inji, da ɓurɓushin ƙarfe, da gubar ƙonannen mai. Rana ta narkar da shi, ruwan ban ruwa ya wanke shi zuwa cikin ƙasar da saiwa take sha. Maganin auduga kuwa ya fi shi muni. 'Yan'uwanmu na ƙasar Benin sun ga wannan da idonsu: a kakar auduga ta 1999 zuwa 2000, maganin da ake kira Endosulfan ya kashe mutane fiye da talatin a lardin Borgou, waɗansu daga cin abincin da maganin ya taɓa. Benin ta hana shi a 2008, duniya kuma ta sa shi cikin jerin magungunan da za a daina a 2011. Gamalin, wanda tsofaffinmu suka sani ana zuba shi a ruwa a kashe kifi, shi ma ya shiga wannan jeri tun 2009. Duk kwalbar da ba ta da takarda a jiki, ko takardar da Faransanci ce ba mai karanta mana, kada ta kusanci lambu. Maganin katako na gwangwani da kafintoci ke shafa wa katakon rufi, irin su Solignum, na rufi ne. Rufi ba ya taɓa abinci.

Sai katakon da ya zo da maganinsa a ciki. Tsohuwar falwaya baƙa mai warin kwalta, an dafa ta da wani mai ne mai guba, a bar ta inda take. Akwai kuma katako mai ɗan kore-kore da ake samu a kasuwa. Waɗansu an cusa musu magani mai asinik, guba ce sananniya, har Amurka ta daina yin irinsa domin amfanin gida a ƙarshen 2003. Waɗansu kuwa sababbi maganin tagulla ne a ciki, babu asinik, ba su da wannan haɗari. Wahalar ita ce ido ba ya rarrabe su, mai sayarwa ma sau da yawa bai sani ba. Idan babu shaida a rubuce, mu a ganinmu a haƙura.

Akwai wani abu da masu ba da shawara a ƙasashen waje ba safai suke tunawa ba, gama su ba su girki da itace. A wurinmu tsohon katako ba ya zuwa juji, murhu yake zuwa. Idan mai asinik ne, hayaƙinsa mata ke shaƙa, gubar kuma ta taru cikin toka. Tokar nan ita ce ake tacewa a yi ruwan toka na miya, ita ake barbaɗa wa shuka domin ƙwari, awaki ma suna lasarta. Wanda ya riga ya yi amfani da irin wannan katako, kada ya ƙone shi ko kaɗan.

To, me za a yi? Kakanninmu ba su da gwangwani, amma azarar giginya tana shekaru da yawa a rufin soro gara ba ta gama da ita ba. Ɓangaren bayan giginya mai baƙi-baƙi shi ne mai ƙarfi, cikin kuwa taushi gare shi. Kirya ma haka, shi ya sa ake turmi da ita. Sai dai ba mu ce a je a sare ɗanya ba, domin dukansu sun yi ƙaranci. A nemi tsohuwar azara daga rusasshen ɗaki. Dogon yaro yana ko'ina, zuciyarsa ja tana jure gara fiye da farin katakon kasuwa, ana kuma iya sassabe reshe a bar uwar.

Kafin a kafa, a bar itacen ya bushe sarai, a ɓare ɓawon, a babbaka gefen da zai taɓa ƙasa har ya yi baƙi. A daka 'ya'yan dogon yaro a fitar da mai a shafa, a maimaita kowace shekara kafin damina. Gaskiya ita ce waɗannan dabaru ba su kai guba daɗewa ba, suna ƙara wa itace kwana ne kawai. Idan aka shimfiɗa leda mai kauri a jikin katakon ta ciki, banda ƙasan fangalin domin ruwa ya tsiyaye, laima za ta ragu, katakon ya ƙara jimawa.

Mun kuma ga wata mata kusa da Illo da ta bar katako ɗungum. Ta jera tubalin ƙasa layi biyu, tsawon ƙafa ɗaya, ta yaɓe. Da muka tambaye ta ko damina ba ta zubar da shi, sai ta ce: "Malam, in ya zube ai ƙasa ce ta koma ƙasa, yara su sake kwaɓawa." Inda akwai marmara ko fasassun bulo, su ma sun isa.

Maigidan nan mai baƙin mai mun roƙe shi ya cire katakon, ya kwashe ƙasar da ke jikinsa kamar tafin hannu ya zubar nesa da rijiya, ya cika da sabuwa. Ya yarda, ko da yake ya yi gunaguni a kan kuɗin katakon. Za mu sake bi ta wurinsa kafin ruwan fari.