Takunkumin Fuska Ga Mai Wahalar Numfashi: Wanne Ya Dace?

Duk shekara in hunturu ya kama, aka shiga sussuka da shiƙa, tambaya guda takan yawaita zuwa mana daga ikilisiyoyi: mai ciwon asma, ko tsohon da ƙirjinsa ya riga ya raunana, ya rufe hanci ne ko kada ya rufe? In ya bar hancinsa a buɗe, ƙura ta tayar masa da ciwo. In ya rufe, sai ya ce numfashinsa yana sarƙewa. Amsarmu ita ce yawancin masu wannan damuwa za su iya sa takunkumi, muddin an zaɓi wanda ya dace da jikinsu da kuma aikin da ke gabansu. Akwai kaɗan da bai kamata a sa musu ba sam, za mu zo kansu.

Mu fara da ƙurar kanta. Iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, tun daga wajen ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Maris. Kaso mai yawa na ƙurar da take ɗaukowa daga wani kwari ne a arewacin Chadi da ake kira Bodele, inda a zamanin da ruwan babban tafki ya kwanta kafin ya ƙafe. Ƙurar da ido yake gani, da ƙaiƙayin dawa da na gero, yawanci gashin hanci da majina suna tare su. Wadda ta fi ɓarna ita ce mai laushin nan da ba a ganin ƙwayarta, sai dai a ga hazo ya rufe duwatsu. Sai an jera ƙwayoyinta kusan 30 kafin su kai kaurin silin gashi guda. Ita ce take wucewa har cikin huhu. Ga mai asma, hanyoyin iska na huhunsa da ma a kumbure suke, to da ƙura ta taɓa su sai su tsuke, majina ta taru, a fara jin fito a ƙirji. Iska mai sanyi da bushewa ita kaɗai ma tana iya jawo haka. Shi ya sa mayafi ko gyale da aka yafa a kan hanci da sassafe yake taimako, domin yana ɗumama iskar, yana kuma ba ta ɗan laima kafin ta shiga.

Shin takunkumi yana hana iska shiga?

Mutane da yawa suna tsoron cewa takunkumi yana rage iskar da jiki yake bukata, ko yana mayar wa mutum da gurɓatacciyar iskar da ya fitar. An bincika wannan sosai a lokacin cutar korona. A shekarar 2020 likitoci a Amurka sun sa wa waɗansu tsofaffi masu ciwon huhu mai tsanani takunkumi irin na asibiti, suka zauna da shi rabin sa'a, suka kuma yi tafiya ta minti 6, ba a ga wani canji mai haɗari a iskar da ke cikin jininsu ba. Dalili kuwa, ƙofofin da ke jikin yadi suna da faɗi ƙwarai in aka gwada su da iskar da muke shaƙa, tana shiga tana fita ba wahala.

Amma kada wannan ya sa mu ce wa Baba ko Mama da ke kukan sarƙewa wai raki ne kawai. Abin da suke ji gaskiya ne. Zafi yana taruwa a fuska, yadin yana jiƙewa, yana mannewa a baki duk lokacin da aka ja numfashi. Wanda kuma ya taɓa kwana a zaune yana neman iska, da wani abu ya rufe masa hanci tsoro zai kama shi, tsoron kuma ya sa numfashi ya ƙara sauri. Yawancin wannan wahala daga irin takunkumin take, da yadda aka ɗinka shi.

Iri uku da ake samu

Na farko shi ne na yadi, wanda telolinmu suke ɗinkawa. Yana tare ƙaiƙayi da ƙura mai kauri, yana ɗumama iska, ana wanke shi a sake sawa. Ƙura mai laushi kuwa kaɗan yake tarewa. A watan Yuni na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi shi ninki uku: na ciki auduga mai shan gumi, na tsakiya mai tacewa, na waje wanda ba ya shan ruwa. An yi wannan shawara ne domin cuta mai yaɗuwa. Ga mai wahalar numfashi da ke neman kariya daga ƙurar hanya da sanyin safiya, a ganinmu ninki biyu na auduga mai laushi ya fi, domin shi ne zai iya jurewa. Ninki huɗu da za a tuɓe bayan minti biyar bai tsare kowa ba.

Na biyu shi ne na asibiti, mai launin shuɗi ko kore, da ake sayarwa a kemis. Ba shi da nauyi, kuma yawancin masu asma sun fi samun sauƙin numfashi da shi. Gefen mai launi ne yake kallon waje, siririyar wayar kuma a sama, a matse ta a kan karan hanci. Rauninsa shi ne yana barin ƙofa a gefen kumatu. Ba a wanke shi. In ya jiƙe ko ya yi datti, ya gama aiki.

Na uku shi ne mai tacewa sosai, wanda za ku ga an rubuta N95 ko KN95 ko FFP2 a jikinsa. In na gaske ne, kuma ya zauna daram a fuska, yana tare kashi 94 zuwa 95 cikin ɗari na ƙananan ƙwayoyin ƙura. Shi ne ya dace da mai aiki a injin niƙa, da mai fasa dutse, da mai haƙar ma'adinai, da mai kwashe hatsin da ya yi fumfuna a rumbu, da mai share ɗakin kaji. Sai dai shi ne kuma ya fi wuyar jan numfashi. Mai asma da ciwonsa ya lafa zai iya sa shi na ɗan lokaci. Mai ciwon huhu mai tsanani, ko mai ciwon zuciya da ke haki ko da a zaune, kada ya sa sai ya tambayi ma'aikacin lafiya. Gemu yana hana shi zama daidai, iska ta riƙa bi ta gefe. Jabu kuma sun cika kasuwa. N95 na gaske yana da tambarin NIOSH a jikinsa, igiyoyinsa kuma ta bayan kai suke zagayawa, ba a kunne ake rataya su ba.

Akwai mai ɗan maɓalli a gefe, wato bawul. Wannan yana buɗewa in an fitar da numfashi, saboda haka zafi da laima ba sa taruwa, kuma ga mai aikin ƙura yana da daɗin sawa. Amma iskar da mutum ya fitar tana fita ne ba tacewa. Mai tari ko mura kada ya shiga jama'a da shi yana zaton ya kare su.

Ga zumuntar mata da telolinmu

Nan ne muke ganin ikilisiya za ta iya yin abin kirki da kuɗi kaɗan. Siffar takunkumi ta fi adonsa muhimmanci. Wanda aka yanka shimfiɗe, ya kwanta a kan leɓe, shi ne yake shiga baki in an ja numfashi. A ɗinka shi da ɗinki a tsakiya, daga karan hanci zuwa haɓa, yadda zai yi tudu ya bar fili a gaban baki kamar ƙoƙo. A sa 'yar waya mai lanƙwasuwa a wajen hanci. Wannan yana hana ƙura bi ta sama, yana kuma hana tabarau yin hazo, abin da masu karatun Littafi a sujada suka sani sarai. A maimakon roba mai cin bayan kunne, a sa igiya ta yadi da za a ɗaure a ƙeya, mutum ya sassauta ko ya matse yadda ya ga dama. A yi ɗaurin zarge, wanda ja ɗaya zai kwance shi.

Wajen zaɓen yadi, a ɗaga shi sama a dubi rana. In ana hango komai ta cikinsa, ya yi shara-shara. In aka kara shi a baki aka hura, iska ta ƙi wucewa, ya yi kauri. A guji leda, da fata, da yadi mai santsi da ba ya shan gumi, da ulu mai zubar da gashi. Sabuwar atamfa tana da sitaci da warin rini, sai an wanke ta kafin a yanka. Tsohon zane na auduga da ya sha wanki ya yi laushi sau da yawa ya fi sabo.

Kowane mutum ya sami aƙalla biyu, yana sanye da ɗaya, ɗaya yana shanya. A wanke kullum da sabulu da ruwan zafi, a ɗauraye sosai, a shanya a rana. Kada a fesa masa turare, kada a wanke da sabulu mai ƙamshi mai ƙarfi, domin ƙamshi kansa yana tayar da asma. Waɗansu sukan jiƙa ƙyalle da ruwa su ɗaura, wai ya fi kama ƙura. Jiƙaƙƙen yadi ya fi wuyar numfashi, ba mu ba mai ciwon ƙirji wannan shawara ba. Ba a kuma aron takunkumi, ko tsakanin miji da mata.

Kada ranar farko ta zama ranar casa. A fara gwadawa a gida, a zaune, na minti 10, ana jan numfashi ta hanci a hankali. Kashegari a zaga tsakar gida da shi, a yi magana, a ɗan share ƙofa. Sannu ba ta hana zuwa. In wannan bai yi ba, a gwada wani iri. Mai amfani da inhela, wato maganin shaƙa, ya riƙe ta a aljihu duk inda za shi, takunkumi bai maye gurbinta ba. A lokacin aiki mai ƙarfi a riƙa fita daga cikin ƙurar a tuɓe a huta.

Waɗanda ba a sa wa

Jariri da yaron da bai kai shekara 2 ba, ba a rufe musu fuska, ko da zane ne a goye. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kada a tilasta wa yaro ɗan shekara 5 zuwa ƙasa. Haka wanda ba zai iya tuɓewa da hannunsa ba, kamar mai shanyewar ɓarin jiki, da wanda ya suma, da mai barci. Wanda kuma ciwo ya taso masa, a cire masa nan take. In ya kasa ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja numfashi, ko leɓensa da harshensa sun sauya launi, ko tsakanin haƙarƙarinsa yana lotsawa, ko ya fara gyangyaɗi, to a zaunar da shi a miƙe, kada a kwantar, a ba shi inhelarsa, a nemi abin hawa zuwa asibiti. A yi addu'a a kan hanya.

Akwai kuma abin da babu ɗaya cikin ukun nan da yake tarewa. Hayaƙin janareta da na gawayi a rufaffen ɗaki suna ɗauke da iska mai guba marar wari, tana ratsa kowane yadi, tana kisa cikin barci. Haka iskar ƙwayar maganin da ake sa wa hatsi a rumbu. Mai feshin maganin ciyawa ko na ƙwari da ya ɗaura ƙyalle, ƙyallen ya jiƙe da maganin, ya ƙara wa kansa ne. Mai asma ya bar feshi ga wani. Hayaƙin itace a madafa kuwa, wanda ya raunana ƙirjin iyayenmu mata da yawa, maganinsa busasshen itace ne, da taga, da girki a fili in zai yiwu.

Tari da ya wuce mako biyu ba na hunturu ba ne kawai, musamman in da rama, da gumin dare, ko jini a kaki. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya. Gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta amince da su, maganin kuma yakan ɗauki wata 6. Wanda aka samu da shi ya sa takunkumi irin na asibiti in yana cikin mutane, har ma'aikacin lafiya ya ce ya isa. Kada ikilisiya ta guje shi.

A majami'a kuma muna roƙon dattawa su lura da 'yan abubuwa. Masu sharar ranar Asabar su yayyafa ruwa kafin su sa tsintsiya, mai asma kuma a ba ta wani aiki dabam. A buɗe tagogi lokacin sujada. Wanda ba ya iya jure takunkumi a ba shi wurin zama kusa da taga ko ƙofa, wanda ya sa kuma kada a riƙa tambayarsa ko wata cuta ce da shi. Tun watan Mayu na 2023 aka janye dokar ta-ɓaci ta duniya a kan korona, saboda haka yanzu zancen lafiyar kowa ne da bukatarsa. A masussuka, mai raunin ƙirji ya tsaya ta inda iska take fitowa, ƙaiƙayi ya bi gaba ya bar shi, ko a bar masa aikin awo da ɗinke buhu.

Ikilisiyar da take so a nuna wa matanta yadda ake yanka irin mai tudun nan, sai ta aiko ta hannun fasto ko shugabar zumuntar mata, mu sa ta cikin ziyararmu ta gaba. A tanadi tsofaffin zannuwa na auduga wankakku, da almakashi, da keken ɗinki ko da guda ɗaya.