Kuɗin fito da labarin injin wanki a Amurka

Masu kishin ma'aikata da yawa suna ganin maganin kamfanin da ke ƙera kayansa a waje abu ne mai sauƙi: gwamnati ta lafta masa kuɗin fito, dole ya dawo gida ya ɗauki 'yan ƙasa aiki. Ban ga laifinsu ba, domin wanda aka rufe masana'anta a garinsu ya san zafin abin fiye da mai rubutu. Sai dai ina roƙon a dubi yadda aka kwashe da injin wanki a Amurka.

Kamfanin Whirlpool na Amurka ne ya kai ƙorafi cewa Samsung da LG suna karya farashi. A 2013 aka ɗora haraji kan injinan da ke shigowa daga Koriya ta Kudu da Meziko. Kamfanonin ba su zo Amurka ba, China suka koma. Da aka bi su can da haraji, suka tattara nasu ya nasu sai Biyetnam da Tailan. Ana toshe wannan kafa suna ɓullowa ta waccan, har Janairun 2018 da Shugaba Trump ya haɗa kusan kowace ƙasa: kashi 20 cikin ɗari kan injina miliyan 1.2 na farko, kashi 50 kan abin da ya haura haka.

A nan masu goyon bayan kuɗin fito suna da abin faɗa. Samsung ya buɗe masana'anta a jihar South Carolina, LG kuma a Tennessee, an samu guraben aiki wajen 1,800. To amma wa ya biya? Masana daga babban bankin ƙasar da Jami'ar Chicago sun gano farashin injin wanki ya tashi da kimanin kashi 12. Abin da ya fi ɗaure kai, injin busar da tufafi, wanda ko sisi ba a ɗora masa ba, shi ma ya tashi, saboda tare ake sayensu kuma masu sayarwa sun san haka. Masu saye sun riƙa biyan ƙarin kusan dala biliyan 1.5 a shekara, wato sama da dala 800,000 kan kowane gurbi guda. Albashin lebura nawa ke cikin wannan kuɗi?

Whirlpool ɗin ma murnarsa ba ta daɗe ba. A Maris na 2018 aka sa wa ƙarfen waje harajin kashi 25 don kare masu narka ƙarfe, kuma da ƙarfe ake ƙera injin wanki. Kafin shekara ta ƙare, wanda ya nemi kariya shi ke kukan tsadar kayan aiki.