Ƙugiyar Da Ta Ɓace A Ƙofar Dumi: Laifin Mai Rubutu Ne Ko Na Na'ura?

Ƙofar Dumi ɗaya ce daga cikin ƙofofin ganuwar birnin Bauchi, garin da Malam Yakubu ya kafa a zamanin jihadin Shehu Usmanu. Duk mutumin Bauchi ya san yadda ake faɗin sunanta, amma in aka zo wajen rubutu, ko a allon shago, ko a katin ɗaurin aure, ko a saƙon waya, sau da yawa sai a ga an rubuta "Kofar Dumi", an yar da 'yar ƙugiyar nan da ke kan harafin farko. Haka sunan marigayi Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa yake rasa tasa ƙugiyar.

Wani zai ce abin bai taka kara ya karya ba. To, amma ƙafa dabam, kafa dabam; ƙasa ba kasa ba ce; wanda ya ce a raba kaya daidai bai ce a raba ɗaiɗai ba; mai gidan da ya aika cewa baƙi sun iso ba zancen baki yake yi ba. Malaman Hausa sun daɗe suna ɗora laifin wannan ɓarna a kan ragwancin matasa. Masu sana'ar zane da kwamfuta kuwa, watau masu tsara katuna da kalanda da allunan talla, hannu suke nuna wa kayan aikin.

Akwai wani masani Ba'amurke, Donald Norman, wanda ya wallafa littafi a 1988, aka fi saninsa da suna The Design of Everyday Things. Jigon littafin shi ne, in mutane da yawa suna ta yin kuskure iri ɗaya wajen amfani da wani abu, to a tuhumi wanda ya ƙera abin kafin a tuhume su. Misalin da ya fi shahara da shi na ƙofa ne: ƙyauren da aka sa wa mariƙi irin na ja, alhali turawa ake yi, kowa ya zo sai ya ja ya ji kunya, ga shi kuwa maƙerin ne ya ɓatar da shi. In aka auna rubutun Hausa da wannan ma'auni, za a ga ƙugiyar ta daɗe tana fama da irin wannan ƙyaure.

Da Turawa suka fara rubuta Hausa da boko, wasu ɗigo suke sawa ƙarƙashin harafi, wasu kuma waƙafi a gefensa, don su bambanta waɗannan sautuka. A shekarun 1930 ne baƙaƙe masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, suka zauna da gindinsu, zamanin da Dokta Rupert East yake shugabancin Hukumar Talifi a Zariya. Ita ce hukumar da ta shirya gasar 1933 wadda ta haifar da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara, sa'an nan ta fito da Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Maɗaba'a ta tanadi baƙaƙen, amma tafiretar da akawu yake bugawa a ofis don Ingilishi aka ƙera ta. Mai ƙoƙari sai ya gama bugu ya bi da alƙalami yana lanƙwasa kan kowane harafi, mai gaggawa kuwa ya bar su haka nan. A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta sa aka tsara baƙaƙe na bai ɗaya don harsunan Nijeriya, har da hannun Hermann Zapf, shahararren mai zanen haruffa na Jamus, amma kafin abin ya game ofisoshi kwamfuta ta kunno kai.

A 1991 aka fito da tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa don na'urori su fahimci juna, kuma baƙaƙen Hausa suna ciki, har da ƴ da ake amfani da shi a Nijar a madadin 'y na Nijeriya. Sai dai samun lamba dabam, samun madanni a gaban mai rubutu dabam.

Babban abin da ya koya wa jama'a zubar da ƙugiya shi ne wayar salula, wadda ta shigo Nijeriya gadan-gadan a 2001. Yawancin wayoyin farko ba su da ƙ ko kaɗan. Ko da ta samu, akwai tarko: saƙon tes guda yana ɗaukar harafi 160 in da baƙaƙen Ingilishi zalla aka rubuta shi, amma da zarar ƙ ɗaya tak ta shiga, sai na'ura ta koma wani tsari mai ɗaukar harafi 70 kawai. Watau saƙo mai harafi 150 da za a biya kuɗin guda, sai ya rabu uku, a biya kuɗin uku. Wane talaka ne zai biya ninki uku saboda ƙugiya? Hannu ya saba, kuma da WhatsApp da Facebook suka zo, inda babu wannan caji, sabon bai sake shi ba.

Shi ma mai zane yana da nasa ciwon kai. Ya buɗe manhaja irin su CorelDraw ko Photoshop, ya zaɓo kyakkyawan salon rubutu don katin biki, ya rubuta sunan unguwar amarya, sai ya ga ɗan akwati fanko a gurbin Ƙ, ko kuwa harafin ya fito da wata kama dabam kamar bare a cikin 'yan'uwansa, domin wanda ya zana salon bai taɓa tunanin Hausa ba. Dole ya zauna ya zana ƙugiyar da hannu, irin yadda akawun da yake yi da alƙalami, ko kuwa ya share ta, ga mai kaya tsaye a kansa yana jira.

Asarar ba ta tsaya ga kyan gani ba. Yaron da malami ya koya wa ƙ a aji, ya fito ya ga alluna duk babu ita, wa zai gaskata? Mai neman kalma a intanet ma sau da yawa abin da zai samu da ƙugiya ba shi zai samu ba in babu. Bugu da ƙari, na'urorin fassara, irin ta Google da ta shigar da Hausa a 2013, daga rubutun jama'a suke koyo, saboda haka kuskuren da aka shuka shi za su girbe su maido mana.

Yau dai magani ya samu, kuma kyauta ne. Madannan Gboard na wayoyin Android suna da tsarin Hausa, Windows ma haka, kuma akwai salon rubutu irin su Noto da Charis da Andika masu cikakkun baƙaƙen Hausa, manya da ƙanana. Illa dai an ɓoye su can cikin saiti, inda sai mai sani yake kaiwa, kuma ko wannan ma aibin tsari ne a ma'aunin Norman. Ya kamata masu sayar da waya da masu gyaranta su riƙa saita wa Bahaushe madannan harshensa tun a shago, makarantun koyon kwamfuta su sa wannan a darasin farko, hukumomin da ke ba da kwangilar allunan tituna kuma su ƙi karɓar aikin da ya gurgunta sunan unguwa. Mazauna Ƙofar Dumi ba su taɓa daina furta ƙ ba, saura a sa ta inda yatsansu zai same ta ba tare da wahala ba. Allah ya sa masu abin su ji.