Gwajin Matsi a Bututun Iskar Gas: Doka, Sassauci da Aikin Hukumomin Sa Ido

Bututun da ke ɗaukar iskar gas daga inda ake haƙo ta zuwa birane da masana'antu ba ya aiki sai an danne iskar a cikinsa da ƙarfi mai yawa, domin wannan matsin ne yake tura ta har ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci a ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka kowane bututu yana da iyakar matsin da aka yarda ya ɗauka, wadda injiniyoyi suke lissafawa daga kaurin ƙarfen, da faɗin bututun, da ingancin waldar da ta haɗa shi. Sai dai lissafi yana dogara ne ga abin da aka rubuta game da bututun, alhali abin da ke binne a ƙasa yana iya saɓa wa abin da ke cikin takarda. Wannan ne ya sa dokokin ƙasashe da dama suka wajabta gwajin matsi, wato a ɗora wa bututun nauyin da ya zarce wanda zai ɗauka a bakin aiki, a ga ko zai jure, kafin a amince a saki gas a cikinsa.

Yawanci da ruwa ake yin wannan gwaji. Ma'aikata sukan ware wani yanki na bututun su toshe bakinsa biyu, su tura wata na'ura mai kama da toshiya ta share dattin da ke ciki, sannan su cika shi da ruwa suna fitar da duk iskar da ta maƙale, domin ragowar iska tana ɓata sakamakon awo. Bayan haka sai a dakata har zafin ruwan ya daidaita da na ƙasar da ke kewaye da bututun, kana a riƙa ƙara ruwa da famfo mai ƙarfi sannu a hankali har allurar ma'auni ta kai inda ake so, a rufe, a zuba ido. Idan allurar ta tsaya cik tsawon sa'o'in da doka ta ƙayyade, bututun ya ci gwaji. Idan kuwa ta fara sauka ba tare da sauyin zafi ya bayyana dalili ba, to akwai inda yake yoyo, kuma dole a tono wurin a gyara a sake gwaji. Dabarar ta yi kama da ta mai faci da ke hura tayub ya tsoma shi cikin ruwa, illa dai a nan ba ƙaramar huda kaɗai ake nema ba, ana son duk wani rauni da ke ɓoye a jikin ƙarfen ya fashe a ranar da aka shirya masa, lokacin da aka kawar da mutane daga wurin.

Dalilin zaɓar ruwa shi ne ruwa ba ya matsuwa sai kaɗan ƙwarai, don haka idan bututu ya tsage yana cike da ruwa, matsin yakan faɗi nan take, abin da zai biyo baya bai wuce ambaliyar taɓo ba. Gas kuwa yana matsuwa sosai, yana tara ƙarfi a cikinsa, kuma idan ya sami kafa yakan yage ƙarfen ya cilla shi sama, sannan ya kama da wuta. Ruwan ma yana da nasa wahalhalun, domin nauyinsa yana sa matsi ya fi yawa a kwari fiye da kan tudu, abin da ke tilasta a rarraba bututun da ya ratsa tsaunuka gida-gida, kuma bayan an gama dole a zubar da ruwan ta hanyar da ba za ta gurɓata ƙasa ba, a busar da cikin bututun sarai don kada danshi ya haifar da tsatsa.

A Amurka, inda aka fi samun cikakken tarihin wannan doka da yadda aka yi ta fama wajen tilasta ta, gwamnatin tarayya ba ta shiga lamarin gadan-gadan ba sai bayan fashewar da ta kashe mutum 17 a garin Natchitoches na jihar Luwiziyana a 1965. Majalisa ta kafa dokar kiyaye lafiyar bututun gas a 1968, kuma a 1970 aka fitar da ƙa'idojin da har yau su ne ginshiƙi. Ƙa'idojin sun raba wuraren da bututu ke ratsawa zuwa aji huɗu gwargwadon yawan gidajen da ke cikin tazarar mita 200 a kowane gefe, a tsawon mil ɗaya: aji na ɗaya shi ne mai gida 10 ko ƙasa da haka, na biyu mai fiye da 10 amma bai kai 46 ba, na uku mai gida 46 zuwa sama, na huɗu kuma inda benaye masu hawa huɗu ko fiye suka yawaita. A aji na biyu ana gwada sabon bututu da matsin da ya kai kashi 125 cikin 100 na iyakar aikinsa, a na uku da na huɗu kuwa kashi 150, kuma manyan bututu masu ɗaukar matsi mai yawa dole su riƙe wannan nauyi na aƙalla sa'a 8. Hikimar ita ce, inda rayuka suka fi yawa, nan ake buƙatar tazara mafi faɗi tsakanin abin da bututu ya tabbatar zai iya da abin da ake ɗora masa kullum.

Amma ƙa'idojin 1970 sun zo da wani sassauci wanda daga baya ya zama tushen matsala. An yafe wa bututun da aka riga aka shimfiɗa yin gwajin, aka ce kamfani yana iya ɗaukar matsi mafi girma da bututun ya taɓa yin aiki da shi a cikin shekara biyar kafin 1 ga Yulin 1970 a matsayin iyakarsa ta doka. Hujjar ita ce tun da ya ɗauki wannan nauyi bai fashe ba, to zai ci gaba da ɗauka, kuma dakatar da dubban mila-milan bututu don gwaji zai ci kuɗi ya katse wa jama'a gas. Raunin wannan hujja a fili yake, domin bututun da ya jure wani matsi bai nuna yana da wata tazara a sama da shi ba, kuma tsagewar da ke cikin walda tana iya girma kaɗan-kaɗan duk lokacin da matsi ya hau ya sauka. Jihar Kalifoniya ma, wadda ta riga tarayya wajabta gwaji tun 1961, ta yi irin wannan yafiya ga tsofaffin bututunta.

Sakamakon ya bayyana da yammacin 9 ga Satumban 2010 a San Bruno, wani gari da ke kudu da San Faransisko, lokacin da bututun kamfanin PG&E mai lamba 132, mai faɗin inci 30, ya fashe a tsakiyar unguwar Crestmoor. Mutum 8 suka rasu, gida 38 suka ƙone ƙurmus, wasu 70 suka lalace, kuma sai da aka shafe minti 95 kafin a iya tsayar da kwararar gas ɗin, saboda sai da ma'aikata suka je suka rufe bawul-bawul da hannu. Wani guntun bututu mai tsawon ƙafa 28 ya tashi daga ramin ya faɗi can nesa da kimanin ƙafa 100. Abin lura shi ne matsin da ke cikin bututun a lokacin, wanda ya ɗan hau sakamakon matsalar lantarki a tashar Milpitas, bai kai iyakar 400 a ma'aunin matsi na psi da doka ta yarda masa ba. Wato ya fashe ne yana cikin haddin da takarda ta ce babu haɗari.

Hukumar binciken haɗurra ta tarayya, NTSB, ta fitar da rahotonta a Agustan 2011, kuma abin da ta gano a jikin ƙarfen ya fi kowane bayani ƙarfi. Yankin da ya fashe an shimfiɗa shi ne a 1956, an kuma haɗa shi da wasu gajerun guntayen bututu da ba a san masana'antar da ta ƙera su ba. A wasu daga cikinsu, ɗinkin waldar da ke bin tsawon bututun daga waje kaɗai aka yi shi, cikin kuwa an bar shi ba walda, ta yadda kusan rabin kaurin ƙarfen ne yake riƙe da nauyin duka, aibin da ido ma zai iya gani da an leƙa ciki kafin a binne. Duk da haka, bayanan kamfanin sun nuna cewa bututun ba shi da ɗinki ko kaɗan. Bisa wannan kuskuren bayani ne kamfanin ya zaɓi hanyar dubawa da ke neman tsatsar waje, wadda ba ta iya gano raunin walda, sa'annan lanƙwashe-lanƙwashe da bambancin faɗin bututun sun hana a tura na'urar da ke bi ta ciki tana ɗaukar awo. Hukumar ta yanke cewa da ba don yafiyar 1961 da ta 1970 ba, da gwajin ruwa zai fi yiwuwa ya tona asirin wannan aibi, ta kuma ɗora laifi a kan hukumar kula da kamfanonin wuta da gas ta Kalifoniya, CPUC, saboda ta kasa gano cewa tsarin kamfanin na kula da bututunsa ba shi da inganci.

A nan ne ainihin ma'anar tilasta doka take fitowa. A tsarin Amurka, hukumar tarayya ta PHMSA, wadda aka kafa a 2004, ita ke rubuta ƙa'ida, hukumomin jihohi kuma su ke duba bututun da ba su ƙetare iyakar jiharsu ba, kuma mafi yawan wannan dubawa bitar takardu ce a ofis. Mai duba yakan tambayi ko akwai tsari a rubuce, a nuna masa, ya sa hannu, ba tare da ya gwada ko abin da tsarin ya dogara a kai gaskiya ne ba. Da aka umarci PG&E a farkon 2011 ya kawo shaidar gwajin kowane yanki na bututunsa, sai da kamfanin ya kwashe dubban akwatunan tsofaffin takardu zuwa babban zauren Cow Palace, ma'aikata suna bin su ɗaya bayan ɗaya, kuma duk da haka an rasa shaidar gwaji ta mila-milai masu yawa.

A Yunin 2011 CPUC ta soke yafiyar a jiharta, ta umarci kamfanonin gas su gwada ko su sauya duk babban bututun da ba shi da shaidar gwaji. Ba a jima da farawa ba gani ya kori ji: a Oktoban shekarar wani bututun PG&E ya fashe yana cikin gwaji kusa da Bakersfield, a Nuwamba kuma wani yanki na shi wannan bututu mai lamba 132 ya fashe kusa da Woodside, ya watsa ruwa da taɓo a kan babbar hanya, ba tare da asarar rai ba. A Afrilun 2015 hukumar ta yanke wa kamfanin hukuncin dala biliyan 1.6, wanda miliyan 850 daga ciki aka wajabta masu hannun jari su kashe wajen gyaran bututu, miliyan 400 a mayar wa masu sayen gas ta hanyar rage musu kuɗi, miliyan 300 kuma su shiga baitulmalin jiha. Wannan rabo yana da muhimmanci, domin tarar da kamfani zai iya ɗora wa masu biyan kuɗin gas ba ta ladabtar da kowa. A 2016 kotun tarayya ta sami kamfanin da manyan laifuka shida, ciki har da kawo cikas ga bincike, amma tarar ba ta wuce dala miliyan 3 ba, tare da zaman ɗaurin talala na shekara biyar.

A matakin tarayya abin ya ja lokaci. Majalisa ta zartar da sabuwar doka da aka sa wa hannu a Janairun 2012, amma sai a Oktoban 2019 PHMSA ta fitar da ƙa'idar da ta wajabta sake tabbatar da iyakar matsin tsofaffin bututu a wuraren da jama'a suka fi yawa, ta kuma ba kamfanoni wa'adin kammala rabin aikin zuwa 2028, dukansa zuwa 2035. Ƙa'idar ba ta ce gwajin ruwa kaɗai ba; ta yarda a rage matsin aiki, ko a sauya bututun, ko a yi nazarin injiniya bisa awon na'urar da ke bi ta ciki, amma ta shar'anta cewa duk takardar da za a kafa hujja da ita sai ta kasance an san asalinta, ana iya tabbatar da ita da wata shaidar, kuma ba ta da giɓi. Yana da kyau a sani cewa gwajin ruwa ma ba ya ba da tabbaci na har abada, domin halin bututu na ranar gwaji kaɗai yake nunawa, tsatsa da haƙan magina kuwa suna zuwa daga baya, shi ya sa ake haɗa shi da dubawa a kai a kai.

Wannan tarihi ya shafi Najeriya kai tsaye, ganin cewa bututun AKK mai faɗin inci 40 da tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ya taso ne daga Ajakuta ya bi ta Abuja da Kaduna zuwa Kano, kuma hukumar NMDPRA da dokar man fetur ta 2021 ta kafa ita ke da alhakin sa ido a kan jigilar gas. Sabon bututu yana da sauƙin gwaji fiye da tsoho, tun da babu wanda za a katse wa gas, amma wahalar tana zuwa ne bayan shekara talatin ko hamsin, lokacin da waɗanda suka yi aikin ba sa nan, gonakin da bututun ya ratsa kuma sun zama unguwanni. Abin da ya wajaba a kan kowace hukumar sa ido shi ne jami'anta su halarci gwajin da kansu, ta ajiye nata kwafin sakamakon kowane yanki maimakon ta dogara da ma'ajiyar kamfani, ta riƙa sake ƙidaya gidajen da ke matsowa kusa da bututun don ta sauya ajinsa a kan lokaci, kuma inda shaida ta ɓace ta umarci a rage matsi har sai an sake gwaji.